Yadda Ake Feɗe Waƙoƙin Mawaƙan Amurka, Mataki Bayan Mataki

Tambayar da ɗaliban adabin Turanci suka fi maimaitawa ita ce: an ajiye mini waƙar Robert Frost ko ta Emily Dickinson a gabana, ta ina zan kama ta? Masu zana WAEC sun haɗu da "Birches" ta Frost a manhajar 2016 zuwa 2020, sannan "Caged Bird" ta Maya Angelou a ta 2021 zuwa 2025. 'Yan jami'a kuwa ba sa tsallake Walt Whitman da Edgar Allan Poe da Langston Hughes. Akasari da tarihin mawaƙin ake farawa, a haddace shekarar haihuwa da ta mutuwa, sannan a ƙaƙaba wa waƙar jigo ko ta so ko ta ƙi. A tsarin da ke ƙasa tarihi yana can kusa da ƙarshe. Wanda ya taɓa feɗe rubutacciyar waƙar Hausa bisa tsarin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo yana da rabin kayan aikin a hannu, domin jigo da salo da zubi da tsari duk suna aiki a nan. A wurin kari ne hanya ta rabu, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

1. Haɗa kayan aiki

Kana bukatar waƙar a kan takarda, kwafi 2, da tazara tsakanin ɗangwaye yadda za ka iya rubutu a samansu. Sai fensir da magogi, biro mai launi 2, da ƙamus mai nuna gaɓoɓin kalma da inda ƙarfin furuci yake. Merriam-Webster na intanet kyauta ne, yana kuma furta kalmar da lafazin Amurka. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na buga shafi 2 da ɗan data ba. Ware awa 2 zuwa 3 ga waƙar da ba ta wuce ɗango 30 ba, ka raba su zama 2, domin kunne yana gajiya.

Waƙoƙin da aka buga fiye da shekara 95 da suka wuce sun fita daga haƙƙin mallaka a Amurka, ana samunsu a Project Gutenberg. Na baya-bayan nan, kamar na Angelou, sai a nema a Poetry Foundation ko Academy of American Poets.

Gargaɗi: kada ka yi nazari a fuskar waya. Ɗangon Whitman yakan yi tsawon da waya za ta karya shi gida 3, ka ƙirga ɗango 1 a matsayin 3.

2. Tabbatar da wane bugu ne a hannunka

Wannan matakin ake tsallakewa, shi ne kuma yake rusa duk abin da ya biyo baya. Dickinson ta rasu a 1886 ta bar waƙoƙi kusan 1,800, waɗanda aka buga tana raye ba su wuce 10 ba ko kusa da haka. Da Mabel Loomis Todd da Thomas Wentworth Higginson suka fitar da littafin farko a 1890, sun sa mata hannu sosai: sun laƙa wa waƙoƙin sunaye alhali ita ba ta sa ba, sun share yawancin karan ɗori da take tsayar da magana da su, sun gyara amsa-amo.

Ɗauki "Because I could not stop for Death". Yadda ta rubuta ta, baiti 6 ne, ɗango 24. A bugun 1890 an sa mata suna "The Chariot", an cire baiti na 4 ɗungurungum, an kuma sake ɗango na 2 a baiti na 3 don ya ƙare da "done" ya dace da "sun", alhali ita da "Ring" ta ƙare shi. Wannan gyararren bugun shi ne a Project Gutenberg. Idan ka ƙirga ka ga baiti 5, ajiye shi. Nemi wanda ya bi bugun Thomas H. Johnson na 1955, inda waƙar take lamba 712, ko na R. W. Franklin na 1998, inda take lamba 479.

Matsalar Whitman daban ce, shi da kansa ya riƙa sake aikinsa. Littafinsa Leaves of Grass ya fito a 1855 da waƙoƙi 12 marasa suna, bugun ƙarshe na 1891 zuwa 1892 kuwa ya doshi waƙa 400. Sunan "Song of Myself" ma sai a 1881 ya zauna. Rubuta shekarar bugun da kake amfani da shi a saman takardarka, ka tambayi malaminka ko shi yake nufi.

3. Karanta da baki sau 3

Na farko ka karanta kai tsaye ba tare da fensir ba. Na 2 ka tsaya inda waƙafi ko aya suke kawai, kada ka tsaya don ɗango ya ƙare. Na 3 ka saurari wani ya karanta: akwai muryar Frost da ta Hughes da ta Angelou suna karanta waƙoƙinsu a YouTube, LibriVox kuma tana da karatun tsofaffin. Duk inda harshenka ya yi tuntuɓe, sa ɗigo da fensir. Sau da yawa mawaƙin ne ya ajiye tuntuɓen da gangan.

4. Mayar da ita zube

A kwafi na 2, rubuta abin da kowane baiti yake faɗa da jimla 1 ko 2, da Hausa idan ya fi maka sauƙi. Amsa tambayoyi 4: wa ke magana, da wa yake yi, a ina, yaushe. Babu maganar jigo tukuna.

A "Stopping by Woods on a Snowy Evening" ta Frost, abin da ya faru kaɗan ne. Matafiyi ya tsayar da dokinsa a bakin dajin wani mutum da gidansa ke cikin ƙauye, yana kallon dusar ƙanƙara tana zuba, a dare mafi duhu na shekara. Dokin ya kaɗa ƙararrawar wuyansa kamar mai tambaya ko an yi kuskure. Matafiyin ya tuna da alkawuran da ke kansa da nisan da ya rage. Shi ke nan.

Duba kowace kalmar da kake shakka, har da waɗanda kake ganin ka sani. "Queer" a wannan waƙar tana nufin abin da bai saba ba. A baiti na 4 na waƙar Dickinson, "Gossamer" da "Tulle" yadudduka ne shara-shara, "Tippet" kuma ɗan mayafin kafaɗa ne. Wanda bai duba ba ba zai gane cewa matar tana rawar ɗari ba ne, domin ta fito da tufafin da ba sa tare sanyi. A "Birches" kuma sai ka san wasan kafin komai: yaro ne yake hawan siririyar bishiya har ƙoli, ya sako ƙafafunsa, ita kuma ta lanƙwaso ta dire shi ƙasa.

Gargaɗi: mai magana a waƙa ba lallai ne ya zama mawaƙin ba. Mai magana a waƙar Dickinson ta yi ɗaruruwan shekaru a kabari. Sannan maganar nan da ake yawan jingina wa Frost, cewa katanga mai kyau ita ke sa maƙwabtaka mai kyau, maƙwabcin ne yake faɗarta a "Mending Wall", mai maganar kuwa ja da ita yake yi.

5. Fitar da zubi da tsari

Sa lamba a gefen kowane ɗango na 5. Ƙirga baitoci, ka ga ƙwar nawa ce. Sai ka bi kalmar ƙarshe ta kowane ɗango, ka ba kowane sauti harafi, sabon sauti sabon harafi. Da kunne ake yi, rubutun Turanci yana yaudara: "though" da "snow" amo ɗaya ne, "though" da "rough" kuwa ba su haɗu ba.

A waƙar dajin ta Frost, wadda ƙwar huɗu ce mai baiti 4, baitin farko ya ƙare da know, though, here, snow, wato AABA. Wannan "here" da ta fita daban ita ce ta zama amon baiti na 2: queer, near, lake, year. "Lake" ta haifi amon na 3, "sweep" ta haifi na 4. Tsarin ya zama AABA BBCB CCDC DDDD, kowane baiti ya saƙalo na gaba kamar sarƙa. A baitin ƙarshe babu ɗangon da ya fita daban, har ma ɗangon ƙarshe maimaici ne na wanda ya gabace shi. Rubuta wannan a gefe, za ka bukace shi a mataki na 9.

"The Raven" ta Edgar Allan Poe ba za ta ba mai kunnen waƙar Hausa wahala ba. Baiti 18 ne, kowanne ɗango 6, kuma duk baitocin da amon "ore" suke rufewa, irin aikin babban amsa-amo. Baiti 11 na ƙarshe duk da "Nevermore" suka ƙare, ta zama amshi. Akwai kuma amsa-amon cikin ɗango, kamar "dreary" da "weary" a ɗangon farko.

Gargaɗi: idan Dickinson ta haɗa "chill" da "Tulle", ko "Day" da "Eternity", kada ka rubuta cewa babu amsa-amo ko ta kuskure. Rabin amsa-amo ne, sautukan sun kusanci juna ba su haɗe ba, kuma yana cikin manyan alamomin salonta.

6. Auna kari

Karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, nannauya da sassauƙa, irin na arulin Larabci. Na Turanci a kan ƙarfin furuci yake, wato gaɓar da ake dannawa da wadda ake wucewa da sauri. Wanda ya auna waƙar Frost da ma'aunin tsawon wasali zai sami shirme. Ga yadda ake yi:

Fara da ƙirga gaɓoɓin ɗangon. Bayan haka nemi kalmomi masu gaɓa 2 ko fiye, ka duba inda ƙamus ya sa ƙarfinsu, ka ja karan tsaye a sama. Sai kalmomi masu gaɓa 1: suna da aikatau da sifa yawanci suna ɗaukar ƙarfi, ƙananan kalmomi irin su the, a, of, and ba sa ɗauka. Daga nan karanta kana buga tebur a kan kowane karan, ka ji ko bugun yana da tsari.

Ɗangon farko na waƙar dajin yana fitowa haka: whose WOODS these ARE I THINK I KNOW, inda ƙarfi yake kan woods, are, think, know. Gaɓa 8, mara ƙarfi sannan mai ƙarfi, sau 4. Wannan ƙafar mai hawa ita ake kira ayamb, ita ta fi yawa a waƙar Turanci. Ƙafa 4 a ɗango tetiramita ce, ƙafa 5 fentamita. "Birches" ɗango 59 ce a kan ƙafa 5 ba tare da amsa-amo ba. Poe kuma ya juya ƙafar, mai ƙarfi ce take fara zuwa: ONCE uPON a MIDnight DREAry. Ita ake kira turoki, ya kuma jera 8 a dogayen ɗangwayensa.

Dickinson ta ɗauko karin waƙoƙin coci na garinsu Amherst: gaɓa 8, 6, 8, 6. Ƙirga baitocin waƙar mutuwar ɗaya bayan ɗaya. Na 1 zuwa na 3 sun bi ƙa'ida. Na 4 ya zo 6, 8, 8, 6. A daidai wannan baitin ne mai maganar ta gyara zancenta, ta ce ba su ne suka wuce rana ba, rana ce ta wuce su, sanyi kuma ya shige ta. Karin ya juya a inda tafiyar ta juya daga yawon keken doki zuwa hanyar kabari. Baitin da masu gyaran 1890 suka cire ke nan, shi ya sa mataki na 2 ba abin wasa ba ne.

Gargaɗi: harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe, sai ya cusa wasali a tsakani. "Stopped" gaɓa 1 ce, idan ka furta ta "sitofid" ka mayar da ita 3, lissafi ya lalace. "Evening" gaɓa 2 ce a waƙar Frost. Duk ɗangon da ya ƙi fita, koma wa ƙamus kafin ka zargi mawaƙin.

Wani gargaɗin: kada ka tilasta wa kowane ɗango bin karin. Gano ƙa'idar daga ɗangwaye 4 ko 5, sannan ka zagaye inda aka saɓa mata. Makin yana wurin saɓawar.

7. Idan babu kari babu amsa-amo

Yawancin waƙoƙin Whitman da wasu na Hughes sakakku ne. Kada ka rubuta "babu tsari" ka wuce. Da biro mai launi, ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da aka maimaita a farkon ɗangwaye, ka lura da jerin sunaye, ka gwada tsawon ɗangwayen da juna. "I Hear America Singing" ta Whitman jerin ma'aikata ce, kafinta da magini da mai jirgin ruwa da baduku da yarinya mai ɗinki ko wanki, kowa da waƙarsa, kowa da ɗangonsa. Jerin shi ne tsarin. A "The Negro Speaks of Rivers", Hughes ya jera ɗangwaye 4 masu farawa da "I" da aikatau, kowanne da koginsa: Furatu, Kwango, Nilu, Misisifi. "Caged Bird" baiti 6 ce tana kai-kawo tsakanin tsuntsun sarari da na keji, baiti na 3 kuma shi ya dawo a matsayin na 6.

8. Tsamo salo, ka faɗi aikinsa

Bi waƙar ka zagaye kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, alamtarwa da zayyana. Lura da gangara, inda magana ta zarce daga ɗango zuwa na gaba, da sabi-zarce, inda ta tsallaka baiti. Nemi kalmomin juyi irin su but, yet, or rather, ka duba inda lokacin aikatau ya sauya.

Jera sunayen adon harshe kawai ba ya kawo maki. Kowanne ka rubuta masa abu 3: ɗangon da yake, sunansa, da abin da ya yi wa mai karatu. Misali, Dickinson ta mutuntar da mutuwa a matsayin mutum mai ladabi da ya tsayar da keken dokinsa ya ɗauki mace, ladabin nan kuma shi ya hana matar, da mu, jin tsoro har sai da aka kai baiti na 4. Abu 3 da aka bayyana haka sun fi 10 da aka lissafa.

9. Gina jigo daga abin da ka tara

"Mutuwa" ko "'yanci" kan magana ne kawai. Jigo cikakkiyar jimla ce da za a iya musantawa, kuma kana da ɗango 3 aƙalla da za ka kafa hujja da su. A waƙar dajin kana iya cewa sha'awar tsayawa tana ja da nauyin alkawari, ka kawo "But" na baitin ƙarshe, da amon da ya daina miƙa hannu gaba, da maimaicin ɗangon ƙarshe da ya sa "sleep" ta ɗauki ma'ana fiye da barcin dare.

Gargaɗi: "The Road Not Taken" ta Frost ita ce waƙar da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ana cewa kira ce ga mutum ya bi hanyar da mutane ba sa bi. Koma ƙarshen baiti na 2 da farkon na 3: mai maganar da bakinsa ya ce hanyoyin 2 sun sha sawu kusan daidai, kuma a safiyar duka ganye ya rufe su ba wanda ya taka. Baitin ƙarshe da lokaci mai zuwa aka gina shi, labarin da zai bayar ne bayan shekaru, da ajiyar zuciya. Jigon da ya fi tsayuwa shi ne yadda mutum yake gyara labarin zaɓinsa daga baya. Duk jigon da wani ɗango ya ƙaryata, sake shi.

10. Yanzu shigo da rayuwar mawaƙin

Rubuta shekaru 3 a jere: ta rubuta waƙar, ta buga ta, da ta abin da kake son danganta ta da shi. Idan abin ya faru bayan waƙar, hujjar ta faɗi. Ɗalibai da yawa suna rubuta cewa Poe ya yi "The Raven" yana makokin matarsa Virginia. Waƙar ta fito a Janairun 1845, Virginia kuwa sai Janairun 1847 ta rasu. Abin da za ka iya faɗa shi ne tana fama da tarin fuka tun 1842. Haka kuma littafin tarihin rayuwar Angelou na 1969, I Know Why the Caged Bird Sings, daban yake da waƙar "Caged Bird" ta 1983, hoton tsuntsun keji kuma yana cikin "Sympathy" ta Paul Laurence Dunbar tun 1899.

Akwai inda tarihi yake buɗe ƙofar da waƙar kaɗai ba za ta buɗe ba. "O Captain! My Captain!" ta Whitman ba ta ambaci sunan kowa ba. Sai ka san an harbe shugaban Amurka Abraham Lincoln ranar 14 ga Afrilu 1865, yaƙin basasa yana ƙarewa, sannan za ka gane kyaftin ɗin da jirgin da ya iso gaɓa, ka kuma gane marsiyya ce. Whitman ya yi shekarun yaƙin yana jinyar sojoji a asibitocin Washinton. Frost ya zauna a Ingila daga 1912 zuwa 1915, yana yawon ƙafa da abokinsa Edward Thomas, mutumin da kan yi nadamar hanyar da suka bari, kuma da tsokanarsa waƙar hanyoyin ta faro. Hughes bai kai shekara 20 ba lokacin da ya rubuta waƙar kogunan a jirgin ƙasa yana tsallaka Misisifi zuwa wurin mahaifinsa a Meziko, mujallar The Crisis ta buga ta a 1921. Mai magana a waƙar ya ce shi ya gina dalar Masar, yaro mai waɗannan shekarun kuwa bai gina ta ba, saboda haka "I" ɗin waƙar muryar baƙar fata ce baki ɗaya. "I, Too" tasa kuma, inda ake tura ɗan'uwa baƙi ya ci abinci a kicin idan an yi baƙi, ta fi fitowa idan an ajiye ta kusa da jerin ma'aikatan Whitman.

Game da Dickinson, labarin farar riga da ƙin fita daga gida ya cinye takardun jarrabawa da yawa ba tare da ya bayyana ɗango ko 1 ba. Abin da ya fi amfani shi ne sanin cewa ta kwafe ɗaruruwan waƙoƙinta da hannu ta ɗinke su ƙananan littattafai 40, wato mai tsara aikinta ce da gangan. Tarihi kada ya wuce kashi 1 cikin 5 na rubutunka.

11. Rubuta amsar

Sakin layi na farko: sunan waƙa, mawaƙi, shekara, da jimlar jigonka. Na 2: taƙaitaccen abin da ya faru, jimla 3 ko 4 daga aikin mataki na 4. Sai sakin layi 3 ko 4, kowanne da da'awa 1, ɗan guntun ɗango da lambarsa, da bayanin yadda sauti ko tsari ko adon harshe ya goyi bayan da'awar. Zancen kari da amsa-amo a cikin waɗannan zai shiga, kada a ware shi a ƙarshe kamar rasit. Tarihi ya zo a inda ya warware wani ɗango.

Idan ka ɗauko ɗangwaye 2 a jere, raba su da karan tsaye, ka bar manyan haruffa da karan ɗorin Dickinson yadda ta sa su. Kada abin da ka ɗauko ya wuce ɗango 2 a wuri ɗaya. Rubuta "mai magana ya ce" maimakon "Frost ya ce", ka yi amfani da lokacin yanzu wajen bayanin abin da ke cikin waƙar. A ɗakin jarrabawa, inda babu ƙamus babu awa 3, raba minti 10 na farko ga matakai na 4, 5, 8 da 9, ka auna karin ɗangwaye 2 kacal, ɗaya mai bin ƙa'ida ɗaya mai saɓa mata, sauran lokacin ka ba rubutu.